Shuɗiyar Ƙwallon Kawu

An liƙa takarda a ƙofar gidan bolin ɗinmu, wurin wasan jefa ƙwallo, cewa ƙarshen wata za a rufe, za a mayar da wurin ɗakunan ajiyar kaya. Na tsaya na karanta ta sau biyu, na gyara zaman hulata, na wuce na hau bas. Fiye da rabin rayuwata na yi ina shiga ta ƙofar nan, amma ban ji komai ba. Haka ban ji komai ba wata biyu kafin nan, ranar da muka binne Kawu. Ina cikin waɗanda suka yi masa wanka, ina sahun gaba da aka yi masa salla, ni na sauka kabari tare da wasu biyu muka karɓe shi, sannan na dawo gida na ci tuwo har na nemi ƙari. Uwar 'ya'yana ta ajiye ludayi ta dube ni, ta ce, "Malam, kai kuwa lafiyarka? Mutumin da ya riƙe ka kamar ɗan cikinsa?" Na ce mata ai mutuwa ba baƙuwa ba ce. Ta ce ita ba wa'azi ta tambaye ni ba. Gaskiyarta ne, kuma abin ya fi damuna fiye da yadda ya dame ta. Na fara tsoron ko wani abu ne ya mutu a cikina tuntuni ban sani ba, nake ta yawo da shi a titunan New York.

Kawu ba ɗan'uwan mahaifiyata ba ne, ba mu haɗa ko da gari ba. Mutumin Zangon Kumasi ne, ni kuma daga Kano na zo, saurayi, da jaka ɗaya da wata rigar sanyi da aka rantse mini a kasuwa cewa ko a cikin ƙanƙara zan yi gumi da ita. A masallaci ya gan ni ina rawar sanyi bayan sallar la'asar, ya tambaye ni inda nake kwana, na yi 'yan kame-kame, ya ce in ɗauko jakata. Shi ke nan, na zama ɗan ɗakinsa a unguwar Parkchester, kuma tun ranar nake ce masa Kawu, shi kuma bai taɓa kirana da sunana ba, sai Ɗan Kano, ko in ce Dan Kano, domin harafin ƙ da ɗ ba su taɓa samun wurin zama a bakinsa ba. Hausarsa ba ta san mace ba. Mota shi ce, rana shi ce, matarsa ma da ta biyo shi daga baya "ya zo" aka ce mana. Ina yi masa dariya, yana yi mini dariya, ya ce mu mutanen Kano mun ɗora wa kanmu wahala, sai mun leƙa ƙarƙashin kowace kalma kafin mu yi magana. Shi ya kai ni gidan bolin da yake aiki a unguwar Jamaica, can wani ɓangare na New York, tafiyar da sai mun hau jirgin ƙasa lamba shida mun sauka mun sake hawa wani, muna gyangyaɗi kafaɗa da kafaɗa.

Wanda bai san wasan ba, abu ne mai sauƙin faɗa. Akwai dogon layi na katako mai sheƙi, faɗinsa bai wuce tabarma ba, da kwata a hagu da dama. A can ƙarshe an jera itatuwa goma masu siffar kwalba, mu kwalabe muke ce musu. Kai kuma kana da ƙwallo mai nauyi kamar tulun da aka cika, an huda mata rami uku, ka zura babban yatsa da na tsakiya biyu, ka taka huɗu ka sake ta. In ta zubar da goman gaba ɗaya ka yi abin kai. In ta faɗa kwata ka koma ka zauna. Abin da na fara riƙewa a wurin ba ido ba ne ya ba ni, kunne ne. Ƙwallo tana tafiya a kan katako da wani gurnani mai zurfi da kake ji a tafin ƙafarka, sannan ƙarar kwalabe, sannan injin baya ya share ya sake jerawa, sannan ka ji ta tana dawowa ta ƙarƙashin ƙasa. Wurin yana warin taba da mai da takalman haya. Tsofaffin ma'aikatan bas da na gidan waya suna zuwa da riguna iri ɗaya, suna rubuta maki da guntun fensir, suna musu a kan lissafin da jikansu zai yi musu a minti ɗaya. Babu kiɗa. Ba wanda ya ga dalilin sa kiɗa a wurin da yake da nasa sautin.

A kwana na uku na yi abin da har yau in na tuna nakan sosa ƙeya. Da safe ne, ba a buɗe ba, wani inji ya maƙale a baya. Kawu ya miƙa mini tsumma da bokiti ya ce, "Dan Kano, goge wurin nan, ina zuwa." Ya nuna da haɓa, ya shige. Ni kuwa na durƙusa na shafa layin da yatsa, sai na ga yatsana ya taso da maiƙo. Mahaifiyata mai ƙuli-ƙuli ce. A gidanmu in ɗigon man gyaɗa ya zuba a daɓe, ba ka jira a faɗa maka, toka za ka ɗebo ka murza har sai wurin ya yi kaushi, domin takan ce mai a ƙasa asara biyu ce, ka rasa man kuma ka karya ƙafar wani. To ga ni a Amurka, ƙasar da aka ce mini ko titi ana wankewa, na tarar da dogon katako shafe da mai tun daga farko. Na ce a raina, ashe Turawan nan ƙazamai ne, sheƙi kawai suka iya. Na nemo sabulu da ruwan zafi, na naɗe hannun riga. Layi shida na wanke, ina murzawa har yana ƙara a ƙarƙashin tsumma, ina ta tunanin yadda mai gidan zai kira ni ya ce bai taɓa ganin ma'aikaci irina ba.

Bai taɓa gani ba kuwa. Da azahar tsofaffin nan suka zo gasarsu ta mako. Na farko ya jefa, ƙwallon ta yi 'yar tafiya kaɗan sai ta juya hagu kamar an kira ta, ta faɗa kwata. Ya dubi hannunsa. Na biyu ya jefa, haka. Kafin a ce me, layi shida sun cika da ihu, wani ya durƙusa ya shafa katakon ya ɗaga yatsa sama a bushe. Mai gidan, wani gajeren Bature mai ƙaton ciki, ya fito daga ofis fuskarsa ja wur. Ina tsaye da bokiti a hannu, shaida ba ta wuce wannan ba. Takarduna a lokacin ba su gama daidaita ba, ɗakin da nake kwana na wani ne, kuma na san in aka kore ni ban san ƙofar da zan ƙwanƙwasa ba. Sai na ga Kawu ya fito daga baya yana goge hannu, ya zo ya tsaya tsakanina da mutumin, ya yi masa magana da Turanci a hankali. Daga baya na gane abin da ya ce: shi ne ya ba ni aikin bai yi mini bayani ba, in akwai kora shi za a kora. Mai gidan ya yi ta faɗa har ya gaji, ya koma ofis ya buga ƙofa.

A bayan injina Kawu ya zaunar da ni a kan wani akwati. Ya ce, "Chale," wato aboki a bakin mutanen Kumasi, "wa ya aike ka?"

Na ce, "Kai ka ce in goge."

Ya ce, "Na ce ka goge inda mutum ke tsayawa. Inda kwallo ke bi, wannan ba naka ba ne koraa, ko kadan."

Na ce, "Mai ne fa a kai, Kawu."

Ya dube ni, ya daɗe yana dubana, sai ya fashe da dariya har ya riƙe ciki, hawaye na zuba. Ya ce shekara nawa yana shafa man nan kullum da asuba, sai yau Allah ya aiko masa da wanda zai taya shi wankewa. Ni ban yi dariya ba. Baƙo ko da ido makaho ne, amma ranar na ji makantar tawa ta yi yawa.

Washegari ya sa na cire takalmi, ya kai ni tsakiyar layi, ya ce in rufe ido. Ya kama yatsana ya ja shi a kan katakon daga wannan kwata zuwa waccan. A gefe man siriri ne, da ƙyar ka ji shi. Kana matsowa tsakiya yana kauri. Ya ja ni gaba, can kusa da kwalabe, ya sake shafa mini, wurin a bushe ƙamas. Ya ce man nan yana kare katako kada ƙwallo ta ƙone shi, amma aikinsa ya wuce nan. A kan mai ƙwallo zamewa take, tana juyawa amma ba ta kama ƙasa. Sai ta fita daga man ta taka busasshen wuri sannan juyin da ka ba ta yake aiki, ta lanƙwaso ta shiga tsakanin kwalbar gaba da ta damanta, wurin da 'yan wasa ke kira aljihu. Ya ce, "Mutane suna kallon kwalabe. Kai kar ka kalli kwalabe. Abin da ido bai gani, shi ke mulki a nan." A wancan zamanin, da hannu muke shafa man, da 'yar gwangwanin fesawa da wani dogon tsumma da ake ja a baya, kuma kowane mai shafawa da irin hannunsa. Tsofaffin suna jefa ƙwallo biyu su ce yau na Kawu ne, ko su ce yau yaron nan ne ya shafa, Allah ya kiyaye. Yanzu inji ne, ka danna masa lamba ya bi layi shi kaɗai yana 'yar ƙara, ya shafa na yau daidai da na jiya.

A shekarun ne aka fara kawo ƙwallayen yuretan, wani irin roba mai tauri da ya fi na da kama katako. Kawu ya samu shuɗiya, ni na samu baƙa, aka huda wa kowa daidai yatsunsa. Ranar Litinin da safe, bayan mun shafa mai, mai gidan yakan bar mu mu jefa, wai gwajin layi. Gwajin nan ne ya ci mana shekara talatin. Shuɗiyar Kawu ba ta da sheƙi, kullum yana bin ta da sampepa har ta yi fari-fari kamar ƙafar da ba a shafa wa mai ba. Tawa kuwa ina goge ta tana ɗaukar ido, domin ni mutum ne mai son a ga kayansa. A kan sabon mai, tawa takan zame ta yi nisa, ta makara wajen juyowa, ta taɓa kwalbar gaba a gefe, ta bar mini guda ɗaya tsaye a kusurwar dama tana kallona. Ta Kawu tun daga tsakiyar layi take fara kama ƙasa, ba ta gaggawa, ta zana wata lanƙwasa mai laushi tun daga bakin kwata har aljihu, kwalabe su kwanta gaba ɗaya. Ko ƙararsu daban take. In ƙwallon ta dawo, sai ya ɗaga ta ya nuna mini zoben mai da ya kewaye ta, domin yuretan ba ta shan mai, a jikinta take ɗauka, kuma tana tura shi gaba kaɗan-kaɗan, har busasshen wurin nan ya fara santsi. Yakan duba zoben, ya goge da tawul, ya matsar da ƙafarsa da faɗin yatsa biyu, ya sake jefawa. In rana ta yi, man ya janye, a ƙa'ida lokacin tawa ne, tasa ya kamata ta juyo da wuri ta wuce aljihu. Ba ta wucewa. Da safe ya cinye ni, da rana ya cinye ni.

Ni kuwa ban taɓa yarda ba. Nakan ce masa, "Kawu, ƙwallonka ce take maka aiki. Da ni aka ba shuɗiyar nan, da tuni ka koma sayar da goro."

Sai ya miƙo mini ita da hannu biyu, ya ce, "Ga shi. Jefa."

Ya san abin da yake yi. Yatsun Kawu kamar rogo suke, ya yi dako a kasuwa tun yana yaro, nawa kuwa sirara ne irin na ɗan makaranta. In na zura hannu a ramukan shuɗiyar sai su yi ta iyo. Sau ɗaya na gwada da gaske, na kai hannu baya, ƙwallon ta suɓuce ta yi bayana ta nufi injin sayar da lemo, Kawu ya kwanta a benci don dariya. Shi kuma ko kan ɗan yatsansa ba ya shiga tawa. Na ce to a kai ta wurin mai huda ya cike ramukan ya sake huda daidai nawa, mako ɗaya kawai, a raba gardama. Ya ɓata fuska ya ce, "A'a. Ba a cike ramin mutum yana da rai." Haka musun ya zauna, ba mai kayar da wani. Ya aurar da ni muna musun, aka yi sunan 'ya'yana muna musun, a filin idi ma ya taɓa raɗa mini cewa hannu ne, na raɗa masa cewa ƙwallo ce, wani dattijo ya juyo ya harare mu.

Sannan abubuwa suka fara sauyawa, ba rana ɗaya ba. Aka kawo sababbin ƙwallaye masu shan mai kamar soso, suna tafiya miƙe sai can ƙarshe su karya kwana da ƙarfi, ko wanda ya fara wasa jiya ya ga yana zubar da goma. Kowa ya jefa yuretan ɗinsa a ƙasan kabad. Aka ɗaga katakon da na taɓa wankewa aka shimfiɗa na roba mai zanen katako, gurnanin nan ya zama wata ƙara marar zurfi. Fensir ya tafi, allon talabijin ya zo yana yi maka lissafi har da 'yan zane masu rawa. Tsofaffin nan masu riga iri ɗaya suka riƙa raguwa, yau a ce wane ya koma wurin 'yarsa, gobe a ce wane ya rasu. Wurinsu aka sa fitilu masu launi da kiɗa, ana bikin ranar haihuwa ana cin kek a bencin da ake musun maki. Mai gidan ya sayar, wanda ya saya ya sayar. Ni na bar aikin na koma tuƙin haya, ina kwana biyu a mako a layin motocin filin jirgin JFK ina jiran fasinja. Kawu ya yi ritaya. Litinin ɗin dai ba mu bari ba, muna zuwa da tsofaffin jakunkunanmu, yara na kallonmu kamar mun fito daga hoto. A 'yan shekarun nan kuma sai ga samari masu gasa sun dawo neman yuretan, wai in man gajere ne sababbin sun cika zafin kai, tsohuwar ta fi jin magana. Wani ya zo ya tsaya yana kallon shuɗiyar, ya roƙi ya taɓa. Kawu ya yi mako yana faɗa mini cewa da tsohuwar zuma ake magani, kamar shi ya ƙirƙiro karin maganar.

Da ciwo ya kwantar da shi ban riƙa zuwa yadda ya kamata ba. Zan ce cunkoso, zan ce aiki, duk gaskiya ne, amma ba su ne dalili ba. Ba na son ganin Kawu a kwance ne, sai na riƙa cewa mako mai zuwa. Na je sau uku. A na ukun bai yi magana sosai ba, ni ma na zauna ina kallon talabijin ɗin ɗakin, na yi masa addu'a na tafi. Bayan kwana tara aka kira ni.

Ana saura mako ɗaya a rufe gidan bolin, 'yar Kawu ta fari ta zo gidanmu. A nan aka haife ta, tana jin Hausa sarai, amma in za ta mayar sai ta haɗa da Turanci. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ajiye wata tsohuwar jaka mai ruwan ƙasa a gabana. Ban buƙaci buɗewa ba, na san zik ɗin da ya lalace, ni na ɗaure shi da waya.

Ta ce, "Uncle, Baba ya ce a ba ka. Tun a asibiti ya ce."

Na ce, "Ya ce wani abu, 'yata?"

Ta yi ɗan tunani, ta ce, "Ya ce wai, ga shi, jefa. That's all. Na zaci ciwon ne yake sa shi magana."

Na ce mata ba ciwon ba ne. Na yi godiya, na sa mata albarka, uwar 'ya'yana ta zuba mata abinci. Na tura jakar ƙarƙashin gado, na je na yi alwala, kuma ko a nan ban ji komai ba.

Litinin ta ƙarshe na ɗauki jaka biyu na tafi da hantsi. Rabin fitilun a kashe, an riga an fara kwance layukan gefe, wasu mutane suna fitar da kujeru. Matar da ke karɓar kuɗi a kanta ta san ni shekara da shekaru, ta ba ni layin da inji ya gama shafawa, ta ce in yi wasa iya son raina. Ba kiɗa, ba kowa. Na fara da baƙata, don in ji layin. Ta zame, ta yi nisa, ta makara, ta bar mini ta kusurwar dama. Na sake, haka. Na sake na uku, haka, kamar yadda take yi tun ina da baƙin gashi. Sannan na kwance wayar zik ɗin, na fito da shuɗiyar. Har da tawul ɗinsa a ciki, da guntun sampepa. Na riƙe ta a ƙirji ina tunanin yadda zan tallafe ta da hannu biyu in tura, don dai in cika umarni. Sai na zura yatsuna, suka zauna daram. Na ciro su na duba. Shekarun riƙe sitiyari da ciwon suga da tsufa sun kumbura mini gaɓoɓi ban lura ba, tawa ma da nake ta ƙorafin ta matse ni, ina kai ta ana faɗaɗa ramukan, ashe ba sanyi ba ne. Na sake zurawa. Babban yatsan ya shige ya fito ba tare da gardama ba, kamar don ni aka huda.

Na tsaya inda yake tsayawa, na taka huɗu, na sake ta. Zan faɗi gaskiya tsakanina da Allah, akwai bambanci. Shuɗiyar ta fi kama ƙasa da wuri, da kamar taku ɗaya, kuma juyowarta ta fi laushi, ba ta fizga. Amma wannan doguwar lanƙwasa da nake gani shekara talatin, daga bakin kwata har aljihu, ba ta zo ba. Ƙwallon ta ɗan karkato, ta taɓa ta gaba a gefe, kwalabe tara suka faɗi, ta kusurwar dama ta tsaya tana kallona. Na ce man ne bai buɗe ba. Na jefa baƙa, na jefa shuɗiya, na jefa baƙa, na jefa shuɗiya. Na duba zoben mai na matsar da ƙafa yatsa biyu kamar yadda yake yi. Na koma layin da ke kusa wanda ba a shafa ba tun jiya, na sake gwada su duka biyun a busasshe. A can ma sun ɗan bambanta, tawa ta fi jurewa, tasa ta fi saurin juyowa, amma duk wadda na jefa, jifana ne take yi. Na kai sau ashirin, kafaɗata ta fara zafi. Babu wani abu a cikin shuɗiyar nan. Ƙwallo ce mai kyau, tsohuwa, an kula da ita.

Na juya na ce, "To, Kawu, hannu ne." Da ƙarfi na faɗa, da muryar da nake musu da shi, har na ɗaga hannu irin na wanda ya sallama. Bencin yana nan, jakunkuna biyu a kai, da takalmana na waje a ƙasa.

A nan ne hannun ya dawo mini. Ranar wanka ni aka ba ɓangaren dama. Na ɗaga hannunsa ana zuba ruwa, na wanke shi sau uku, na tsefe tsakanin yatsun kamar yadda ake yi a alwala. Na ga kantar da ke gefen babban yatsansa, wadda bakin ramin nan ya yi masa, har na murza ta da tsumma ina zaton datti ne. Na riƙe hannun da ya ja yatsana a kan katako, wanda ya miƙo mini ƙwallo yana dariya, wanda ya goge a jikin wando kafin ya tsaya tsakanina da kora, na wanke shi tas na ajiye a gefensa, ina tunanin inda na bar mota. Shekara talatin yana faɗa mini, kuma sau uku na zauna a gefen gadonsa ina kallon talabijin, kalma biyu ce kawai na kasa faɗa masa.

Shuɗiyar ta dawo ta ƙarƙashin ƙasa, ta fito ta tsaya a gabana da zoben mai a jikinta. Tawul ɗinsa yana hannuna, ban goge ba. Na zauna a bencin, a gefen da nake zama, na bar masa nasa gefen, sai na ji abin ya taso daga ciki, ba da kyau ba, irin kukan tsoho mai ƙara kamar tari. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Masu fitar da kujeru suka daina ja. Matar mai karɓar kuɗi ta zo ta tsaya nesa kaɗan, ta ga yadda na dafe yatsuna, ta tambaye ni a hankali ko hannu ne.

Na ce mata e, hannu ne.